Tukuicin da Ya Yi Mana Rufi

A ofishin ilimi na ƙaramar hukumarmu, can Bungudu, ba kowa ya san sunan da ubana ya raɗa mini ba. Malam Babu ake kirana, kuma ban taɓa yin fushi ba, don ni na saya da kuɗina. Ni ne mai riƙe da kasafin makarantun firamare na yankin. Albashin malamai daga sama ake biya, bai biyo ta teburina ba. Abin da ke zuwa hannuna shi ne ɗan kason da ake tafiyar da sauran komai da shi: alli, rajista, man baburan masu duba makarantu, gyaran benci da gyaran rufi. Duk shugaban makarantar da ya yi sallama a ƙofata, tun bai zauna ba na san abin da ya kawo shi, shi ma ya san abin da zai ji.

Ba mugunta ba ce. A shekarun da nake magana kason bai ƙaru ba, wani watan ma sai ya zo a gutsure, kasuwa kuwa ta yi gaba abinta ba ta waiwaye mu ba. Sai na shiga yanka. Na fara da shayin taro, na ce duk mai jin ƙishirwa ga randa nan. Na kwantar da motar ofis a gindin dalbejiya har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Fentin allo na soke shi, na ce a koma baƙin tsohon batir da ƙaro, yadda aka yi mana muna yara. Maigidana sakataren ilimi, mutum mai sanyin hali, yakan ce da baƙi, "In kuna son ku ga inda aka binne naira, ku leƙa ɗakin can." Ni kuwa ko a jikina, har wani daɗi nake ji.

Wata shekara, ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi. Da gari ya waye, wata makaranta da ke wani ƙauye gaba da Rawayya ba ta da rufi. Azuzuwa uku ne a jere, iska ta naɗe kwanon ta watsar a gonaki, ta kakkarya katakon.

Shugabar makarantar ce ta zo da kanta, a bayan ɗan acaɓa, zanenta duk taɓo. Kirista ce, 'yar kudancin Kaduna, aure ya kawo ta Gusau tun tana yarinya, aiki ya kai ta ƙauyen, ta zauna har ta koyar da 'ya'yan waɗanda ta koyar. Hausarta ta juye ta zama ta Zamfara, in tana faɗa ba ka cewa ba a bakin gulbin nan aka yanke mata cibiya ba. Ta tsaya a kaina ba ta zauna ba.

"Malam, na san abin da za ka ce. Ka riƙe shi. Rufi nika so."

Na ce, "Malama, babu."

"Na ce ka riƙe shi!"

Na buɗe mata lissafi ta gani da idonta. Abin da ya rage na gyara a shekarar, ko ƙusa da katakon aji ɗaya bai kammala ba, ga makarantu rututu kowace da nata ciwon. Ta duba, ta yi tsaki, ta fita ba sallama. Na bi ta da ido, ban ji haushinta ba.

Ba a jima ba wani kwamiti ya zo daga Gusau. Aikinsu su rage ɗawainiya: duk ƙaramar makarantar da gininta ya lalace, a haɗe ta da babba mafi kusa, a kwashe malamai da benci a kai can. Ni mai lissafi ne, kuma gaskiya ɗaya ce, lissafinsu bai da kuskure. Da a kan takarda kaɗai ake rayuwa, da ni zan fara sa hannu. Sai dai babbar makarantar da za a kai yaran tana ƙetaren rafi, tafiya ce mai nisa ta cikin daji, ga halin da hanyoyinmu suke ciki a shekarun nan, wanda ba sai na faɗa ba. Maza wasu za su jure. Mata kuwa, babu uban da zai saki 'yarsa ta bi wannan hanya safe da rana. Kuma makarantar nan, saboda shugabarta mace ce da iyaye suka yarda da ita, mata sun fi maza yawa a cikinta. Ranar da aka rufe ta, ranar karatunsu ya ƙare.

Sakatare ya roƙi arziki, kwamiti ya yi mana adalci. Suka ce za su dawo farkon damina mai zuwa. In sun tarar da rufi, makaranta ta tsira. In ba su tarar ba, a kwashe benci. Suka ƙara da cewa kada mu sa ran ƙarin ko kwabo, abin da na riga na sani.

Damina ta yi nisa kafin na samu na je ƙauyen. Na hau babur ɗin wani mai duba makarantu, ni na zuba mai daga aljihuna ina ƙunƙuni. Na tarar da Malama ta raba yaran biyu, rabi a gindin tsamiya, rabi a zauren mai gari. In hadari ya taso sai a tashi kowa ya ruga gida. Na shiga azuzuwan, ciyawa ta fito a tsakar aji. Na leƙa taga, sai kan gero ya kusa tsone mini ido.

Gero ne, kore shar, ya zo har jikin bango. Na zagaya baya, dawa. Na yi gabas, waken suya. Ko filin ƙwallo babu, in ban da wani ɗan sarari da bai fi a shanya barkono ba.

Na ce, "Malama, gonar wa ce wannan?"

Ta ce, "Taka ce. Hilin makaranta na, tun daga tsamiya har bakin gamba can. Kowace shekara mutum shi ƙara kunya guda, shi ƙara biyu. Na yi magana har na gaji."

Na miƙe ido na ga layin gambar da ta nuna, can nesa, ita ce iyakar asali. Fili ne mai girman gaske, irin wanda mutanen da suke ba gwamnati lokacin da ƙasa ba ta da tsada. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yara na karatu a gindin itace, ga dukiyar makarantarsu tana tsiro a ƙarƙashin hancinsu, wasu na ci. Nan take na ce kotu za mu je. Kafin mu kai bakin hanya na sauko da kaina, don lauya ba ya cin godiya, shari'ar gona kuwa tana iya binne mai ƙara da wanda aka kai. Ko mun ci ma, mun sami fili, mun rasa iyayen yara.

A kan babur ɗin nan, muna tsallake kwazazzabai, na tuna da ubana.

Mu mutanen Tsafe ne, kuma ubana bai gaji gona ba. Aro ya yi wurin wani dattijo, ya noma ta har ya mutu. Duk kaka, in an gama ɗaure gero, sai ya zaɓi dammuna masu kyau ya aza mini ɗaya, shi ya ɗauki sauran a jaki, mu kai ƙofar mai gona. Shi ake ce wa galla. Ba kuɗin haya ba ne, ba a ciniki, ba a rubutawa. Shaida ce kawai a gaban mutane cewa ka san gonar ba taka ba ce, kuma ka gode. Na tsani wannan tafiya. Mu muka sha rana, wani na zaune a inuwa za a kai masa. Ubana yakan ce, "Ɗauka dai. Wanga dami shi ka riƙe muna gonar." Sai da na yi furfura na gane. Saboda damin nan, ba wanda ya taɓa tunanin korarmu, mu ma ba mu taɓa tunanin cewa gonar ta zama tamu ba.

To me zai hana? Ba sai an kori kowa ba. Kowa ya ci gaba da noman inda yake noma, amma ya san na makaranta ne, ya kawo galla. Makaranta ta riƙe filinta, ta kuma sami hatsi. Hatsi kuwa kwano ne, in an iya da shi.

Sakatare ya ce in gwada. Mai gari ya tara manoman a ƙofar gidansa wata Juma'a bayan an sauko. Na yi bayani dalla-dalla, na sa zuma a bakina yadda ban saba ba. Na ga kawuna suna gyaɗawa. Duk idanu sun koma wuri guda, wurin wani tsoho da ke zaune a kan buzu, ya jingina sandarsa a kafaɗa. Shi ya fi kowa cin filin, geron da ya leƙo taga ma nasa ne. Shi ne kuma babba a gidan da ya fi kowane tsufa a garin, mai gari kansa Baba yake ce masa.

Tsohon ya dube ni sama da ƙasa.

"Yaro, ka gama?"

Ina da jikoki a lokacin, amma na ce, "Na gama, Baba."

"Galla kac ce? Ni in kai galla bisa hilin kakana? Ka tambayi mai gari, wa yab ba da hilin ga da anka zo neman wurin makaranta? Ubana na. Ina tsaye, da wayona. Shi yaz zaga da su, shi yad dasa gambar can da hannunai."

Na ce, "To ai shi ke nan, Baba. Kyauta ya yi."

Akwai maganar da ake yi wa wanda ya ba da kyauta ya dawo ya karɓe, kowa ya san ta, ba ta da daɗin ji. Ta zo mini har kan harshe. Allah ya taimake ni Malama tana zaune daga gefe, ta yi wani tari da ba na mura ba, na haɗiye.

Tsohon ya ce, "Kyauta? To ina tukuici? Sunka zo da mota, sunka auna, sunka tahi. Ko goro guda ba a aiko ma tsohona ba har yak koma ga Allah. Ko sannu. Kai da ka yi boko, gaya man: kyautar da ba a yi ma tukuici ba, an amshe ta? Ba a amsa ba. Ajiya ta. Ni kau kayan gidanmu nika nomawa."

Ya dogara sandarsa ya tashi. Yana tashi taro ya watse, kowa na kakkaɓe riga yana kauce wa idona.

Na koma Gusau a fusace. A Sabon Gari nake zaune, kuma tun daga bakin layi maƙwabta suka san yau ba lafiya, don ko gaisuwar mai shagon kusa da mu ban amsa da kyau ba. Na zauna ina ba matata labari, ina cewa tsohon nan ɗan wayo ne, ya fake da tukuici don ya cinye fili. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Wayo ko ba wayo ba, an ba shi tukuicin?"

Na ce, "Shekara nawa da wucewa!"

"Ai ba ya ruɓewa. Ku ne dai hannunku kamar an ɗaure da tsirkiya. Ni ma da na kawo maka hula daga biki bara, me ka ba ni?"

Na ce ba maganar hula ake ba. Amma na riƙa juya abin a raina. Yaba kyauta tukuici, haka muka taso muka ji. Kuma tsohon, ko da gangan ko ba da gangan ba, ya nuna mini ƙofa. Shi da bakinsa ya ce abin da ya hana kyauta cika shi ne rashin tukuici. To in aka kai masa a gaban jama'a ya karɓa, kyauta ta cika, fili ya zama na makaranta da shaidar gari duka. In ya ƙi karɓa, ya ƙi girmamawar da aka yi wa mahaifinsa, wannan kuwa ba zai iya ba. Da na ƙara tunani sai na ga ma ba tarko ba ne. Haƙƙi ne da aka riƙe wa gidansu, kuma da ubana aka yi wa haka, da ni ma ban manta ba.

Na je wa sakatare da maganar. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "To Malam, a wane layi na kasafi za ka sa tukuici?"

Na ce, "Babu."

"Ka ga an rama mana."

Babu ɗin ne kuwa. Dukiyar gwamnati ba a sayen goro da ita, ni na fi kowa sani. Sai na shiga kasuwar Gusau da kuɗin aljihuna, ni da ake cewa ko ƙuda bai ci a hannuna ba. Na sayi ƙwaryar goro fari manya, na sayi rawani, na sayi turare. Mai goron ya san ni, ya riƙe baki ya ce, "Malam, aure za ka ƙara?" Na ce ya ƙirga mini kayana ya bar surutu. Kuɗin sun yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, har na kai gida ina lissafa buhun masarar da za su saya.

Ranar da muka kai, ban yarda a yi abin a ɓoye ba. Sakatare ya sa babbar riga, muka tayar da motar ofis bayan an kori kaji. Mai gari ya yi gaba, liman na biye, sai mu, sai Malama da 'yan matan aji shida a layi, ɗaya ta ɗauko goron a faifai an rufe da farin ƙyalle. Kafin mu kai ƙofar tsohon, rabin gari ya biyo mu.

Ya fito ya tarar da mu tsaye. Sakatare ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ni ma na durƙusa, gwiwoyina na ƙara. Sakatare ya ce mun zo ne a madadin hukuma, mu yi godiyar filin da mahaifinsa ya ba 'ya'yan garin nan, mu kuma nemi gafarar jinkiri. Liman ya yi wa mamacin addu'a, ya ambaci sunansa da na ubansa. Yarinyar ta matso ta ajiye faifan a gabansa.

Tsohon ya tsura wa faifan ido. Ni dai na san in ya juya ya shige gida, makaranta ta tafi, goro na kuma ya tafi. Ya sa hannu ya ɗaga ƙyallen. Ya ɗauki goro ɗaya ya juya shi, ya fasa, ya jefa rabi a baki, ya miƙa wa mai gari rabi.

Ya ce, "Tsoho, ga saƙonka ya iso."

Sannan ya share ido da bakin riga, ya juyo kaina, murya ta dawo daidai.

"Kai, mai baƙar rowa. An ce kai as sayo da kuɗinka."

Na ce, "Ni ne, Baba."

"To lalle duniya ta zo ƙarshe. Na amsa. Hili na makaranta na, kowa shi ji. Mu da muka noma shi, aro muka yi." Ya ɗaga sanda ya nuna manoman da ke tsaitsaye. "In kaka ta yi, kowa shi san abin da a kai nai. Ni kau nawa ba na bana ɗai ba na. Na daɗe ina ci."

Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Malama ta juya baya wai tana gyara layin yara, alhali layin lafiyarsa lau.

Da kaka ta yi, na ga abin da ban taɓa gani ba a aikin gwamnati. Jakuna da amalanke suka riƙa shigowa filin makaranta. Tsohon ya buɗe tsohon rumbunsa ya fitar da na shekarun baya, yadda ya ga dama, ba wanda ya ƙirga masa. Da sauran suka ga haka, sai abin ya koma gasa, don ba mai son a ce gidan wane ya fi gidansu hannu. Har wani da ko kunya ɗaya ta filin bai ci ba ya kawo dami, wai kada a yi babu shi. Iyaye suka yi gayya suka gina rumbu biyu a bayan aji.

A nan aikina na gaske ya fara. Na farko, ban bari hatsin ya zama kuɗi a hannun ofis ba. Duk kuɗin da ya shigo hannunmu, ƙa'ida ce a zuba shi a baitulmali, in ya shiga can kuwa sai ya bi layi da buƙatun kowa, kuma daidai ne. Don haka galla ta zama ta kwamitin iyayen yara. Makulli ɗaya wurin liman, ɗaya wurin Malama, ni nawa ido da baki. Na rubuta wa na sama yadda aka yi, don kada gobe a ce an yi a duhu.

Na biyu, na hana sayarwa. Kowa ya san hatsi a kaka ba shi da daraja, kowa na fitarwa, 'yan kasuwa na saye a wulaƙance. Na auna na ga in muka sayar a lokacin, aji biyu za mu rufa, na uku ya zauna a buɗe, kwamiti kuwa rufi suka ce, ba rabin rufi ba. Na ce a jira bazara.

Wannan jira ya fi komai wuya. Malama ta riƙa zuwa ofis kamar mai bin bashi.

"Malam, kwano na tashi kullum."

"Hatsi ma zai tashi."

"In ƙwari sunka shiga fa? In wuta ta kama? In ruwa yaz zo da wuri?"

"Malama, babu sayarwa."

"Wallahi in makarantar ga ta ruhe, gidanka zan kawo ɗiyan ga ka koya musu!"

Ba ta san ni ma tsoron nake ji ba. Duk ranar kasuwa sai na aika a tambayo mini kuɗin tiya. Wani mako ya motsa, wani mako ya kwanta kamar ya mutu. Na rame har matata ta ce ko in bar wa masu gero geronsu. Mai gari ma ya aiko a gaya mini mutane sun fara magana, wai ɗan boko ya sa an kulle hatsi yana jiran ya ruɓe. Na toshe kunnena. Rowa dai aka ce ina da ita, to ranar amfaninta ta zo.

Zafi ya shigo, rumbunan mutane suka fara yin ƙasa, masu biki da masu sayen iri suka fito. Tiya ta ɗaga, ta ƙara ɗagawa. Ranar da na ga gajimare na farko ya leƙo daga gabas, na aika wa Malama cewa a buɗe. Aka sussuke, aka auna a gaban liman, wani ɗan kasuwar hatsi ya kwashe. Washegari ni da Malama da mutum biyu na kwamitin iyaye muka tsaya a shagon wani Inyamuri mai kayan gini a Sabon Gari, wanda cocinsu ɗaya da ita. Na yi ciniki har ya ce in don Allah ne in tafi in bar shi da ransa. Ya rage, ya kuma ƙara mana ƙusa kyauta, ina jin don ya rabu da ni ne. Katako kuwa na cika kuɗinsa da ɗan abin gyaran da na ƙi taɓawa duk shekara. Tsohon kwanon da aka tsinto a gonaki, kafinta ya bubbuge masu ɗan rai aka rufa baranda da su.

Kuɗi suka ƙare ƙaf a kan ƙusa ta ƙarshe. Silin kuwa ko zancensa ba a yi ba. Azuzuwa uku dai suka rufu, sabon kwano na walƙiya, ana hango shi tun daga hanyar Rawayya.

Kwamiti suka dawo kamar yadda suka ce. Muka raka su, hadari na haɗuwa a bayanmu. Shugabansu ya fito daga mota ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi sakatare daga ina aka samo ƙarin kuɗi. Sakatare ya nuna ni, ni na nuna tsohon, wanda ya zo tun da hantsi ya zauna a baranda da rawanin da na saya, yana karɓar gaisuwa kamar shi ya haifi makarantar. Aka ba shugaban labari. Ya yi dariya, ya ce a kai shi aji.

Muna shiga aji shida ruwa ya sauko. 'Yan matan nan, da suka shekara suna rugawa gida da zarar iska ta kaɗa, sai na ga wasu sun zabura sun fara tattara littattafai, jiki ya saba. Malama ta daka musu tsawa.

"Ina za ku? Ku zamna!"

Suka zauna. Suka ɗaga kai gaba ɗaya suna kallon sama. Ruwa ya ƙaru, ya riƙa dukan kwanon nan da babu silin a ƙarƙashinsa, ƙara ta cika aji har ba mai jin na kusa da shi. Ko ɗigo bai sauko ba. Wata ƙarama a benci na gaba ta miƙa tafin hannu sama tana jira, ta jira, ta duba hannun a bushe, sai ta fashe da dariya, aji duka ya ɗauka. Shugaban kwamiti ya zaro takardarsa ya soke sunan makarantar daga jerin waɗanda za a rufe, ya nuna mini, don magana ba ta yiwuwa. Daɗin da na ji a ranar, tun da na fara aiki ban ji irinsa ba, kuma ban ji kunyar hawayen da ya zubo mini a gaban yara ba.

Malama ta matso kusa da kunnena, ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Malam! Ba a jin karatu! Silin nika so!"

Na buɗe baki na ba ta amsar da ta sani. Ruwa ya danne, ko ni ban ji kaina ba. Ta dube ni, ta nuna rumbunan ta taga, ta nuna geron da ya fara tsiro a bayansu, ta juya ta ɗauki alli.